Launin Jikar Maestro Eleuterio

"Sauke labulen nan duka, maƙwabciya," in ji Maestro Eleuterio. "Hasken waje maƙaryaci ne."

Na sauke. Ya rataya wata 'yar na'ura mai kama da sabulun wanka a fuskar kwamfutarsa, allon ya shiga sauya launi: ja, kore, shuɗi, toka-toka. Da ita yake saita allon, don abin da ido ya gani ya zama shi zai fito a takarda. Tun ina budurwa yake wanke hotuna a unguwarmu da ke birnin Barquisimeto, hoton aurena ma shi ya ɗauka. Yanzu unguwar ta koma ta tsofaffi, yaran duk sun ƙetare iyaka neman abinci. 'Yarsa tilo, Yusmary, tana Chile, can ta haifi yarinyar da bai taɓa riƙewa a hannu ba.

Da na'urar ta gama, ya buɗe hoton jikar.

"Ke tela ce, kin san zare. Rigar nan wane launi ce?"

"Fara sol."

"Ruwan ɗorawa ce. Wannan banzar na'urar ta tsufa."

"Maestro, na'urar lafiyarta ƙalau. Yanar ido ce ta rufe maka gani, kowa ya sani sai kai."

Ina faɗa na ji haushin bakina. Can ya ce, "To, ara mini naki idon."

Daga ranar, kullum in na tashi daga kan keken ɗinki sai in kai masa arepa, wainar masararmu, da ɗan cuku, mu zauna gaban allon. Ba rigar ce ta dame shi ba, fatar yarinyar ce. Ya ce wayoyin zamani bilicin suke yi wa mutane, shi kuwa so yake ya san ko jikar ta ɗauko launin marigayiya matarsa, Candelaria, wadda take baƙa mai sheƙi. Ya roƙi Yusmary ta ɗauki yarinyar a inuwa da farar takarda kusa da kumatunta. Ya ce in ya sami fari na gaskiya a hoto, sauran launukan za su bi sahu.

"Gobe, Baba," take ce masa. A ɗakin girkin wani otal take aiki, in ta dawo yarinyar ta yi barci.

Kafin goben ta zo, ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Asibiti suka ba shi magani, suka ce ya koma gida ya huta.

Hoton ya iso ran Lahadi bayan an taso daga coci. Ya kasa tashi, sai ni ya tura kan kujerarsa.

"Ni ban taɓa riƙe linzamin kwamfutar nan ba fa."

"Ba ya cizo. Yi sauri kafin su ɗauke wuta."

Daga kan gado yake ba ni umarni yana haki, yana tsaki in na kuskure. "Hannunki kamar na mai daka! A hankali. Yanzu taɓa takardar da take riƙe da ita."

Na taɓa. Hoton ya sauya gaba ɗaya, hasken ƙaryar ya bar fuskar yarinyar.

"Me kika gani?"

"Candelaria ce sak."

"Kada ki yi mini ƙaryar masu jinya, Zoraida."

Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar.

"Na rantse da Budurwa Maryamu. Har ta ɗan fi ta duhu."

Ya ce in juyo allon ya fuskanci gado. Na san ba abin da yake gani sai dishi-dishi, amma ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce gobe mu buga shi a babbar takarda.

Washegari aka wuni ba wuta. Ran Talata da safe na kai masa kofi, na yi ta magana ina buɗe taga kafin na lura bai amsa ba. Hannunsa ya riga ya yi sanyi.

Yusmary ba ta da takardun da za su bar ta ta fita daga Chile ta koma. A maƙabarta daga ni sai fada, limamin cocinmu, da mai gidan burodin unguwa, da wasu tsofaffi biyu. Ni na ɗaga waya sama don ta gani. Tana cikin kiran "Baba" layin ya yanke, na ci gaba da ɗaga wayar har aka gama rufe ƙasa.

Da na dawo gida hadari ya haɗu. Rigunansa da na wanke suna nan a kan igiyar da ke tsakanin gidajenmu. Na kwashe su kafin yayyafi ya yi ƙarfi, na ninke su ɗaya bayan ɗaya, na tsaya a ƙarƙashin rumfa da su a hannu.