An Bi Littafin Tukur da Reza

"Ka dawo Litinin," in ji hedimasta, ko ɗago kai bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, Tukur ba shi kai Litinin. Littafinai kawai yaka so."

"Na ce Litinin, Malam Idi."

Na fito raina na tafasa. Tukur maƙwabcina ne a Kaura, katanga ɗaya ta raba mu. Shi ke zana zaki da dawisu a bayan motocin da ke zuwa kasuwar Shinkafi. 'Yarsa Rumaisa'u tana da i'ina, 'yan ajinsu suka sa ta gaba, kullum ta dawo hijabi duk ƙasa. Sau uku yana kai ƙara makaranta, ana ce masa wasan yara ne.

Sai ya samu kwali da ragowar fenti, ya yi littafin hotuna a kan yarinyar da ake kwaikwayon maganarta, ya ce ta kai a karanta wa aji. Laifinsa ɗaya: hannunsa bai iya ƙarya ba. Yaron da ya zana yana fizgar hijabin, kowa ya gane Safwan ne, ɗan hedimasta, har wushiryar. A ranar aka ƙwace littafin.

Da ciwon hanta ya kwantar da shi, ba ya da wata magana sai wannan.

"Idi, amso mini shi. Durƙushe nib bar yarinyar. Shafi guda zan ƙara, in tashe ta tsaye."

Ya cika ranar Asabar da hantsi, buroshinsa na jiƙe a gwangwani kusa da tabarma.

Ranar uku sai ga hedimasta a babbar riga, ya fi kowa tsawaita addu'a. Wallahi da ƙyar na shafa. Da zai tashi ya miƙo mini leda.

"Ga amanar mamaci."

Na kai wa Rumaisa'u a zaure, muka buɗe tare. Ashe mutumin nan zama ya yi ya bi kowane shafi da reza, ya yanke ɗansa tsaf. Wane irin malami ne wannan? Saura yarinyar kawai, durƙushe, ta kare kanta da hannu, a gabanta rami mai siffar yaro.

Rumaisa'u ta karɓi littafin. Ta ɗaga shafin ƙarshe, ta sa ido a ramin, tana kallon hedimasta yana neman takalmansa a ƙofar gida.