Salalar Kaka Datti

Tun da aka sallamo Kaka Datti daga asibiti ya rufe bakinsa. Likita ya ce in bai soma cin abinci ba, a mayar da shi a sa masa robar hanci.

Gwaggo Safara'u ta dama kunun gyaɗa mai kauri, ta zuba madara da zuma. Ya juya wa bango fuska. Maƙwabtanmu na unguwar Utaibiyya, nan Makka, suka aiko da romon shurba mai nama, ko kallo ba ta ishe shi ba.

Na zauna a gefen katifarsa. "Angona, me kake so?"

"Salala," ya ce. "Ko farau-farau. Shi muka sha a soja da abinci ya yanke, shi muka sha a jirgin ruwa har Jidda. Ruwa ne, amarya, da ɗan garin gero, don kada a ce ruwa ne."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Aib, abin kunya! Ubana guda in ba shi tsinkakken kunu? A ce mun gaza? Mujahida, karatun jami'ar nan ya ɓata ki."

"Gwaggo, a ce mun gaza ɗin."

Ta kulle kicin. Ban roƙe ta ba, ni ba na roƙo. Na fita cikin ranar azahar har unguwar Tandabawi neman gero, takalmina na manne wa kwalta. Ba mu da turmi, sai na niƙa a injin markaɗen wata maƙwabciya, na dama a kan ɗan rishon ɗakina. Na farko ya yi gudaji, na biyu ya ƙone. Gwaggo na bakin ƙofa tana ta yi mini dariya, ni kuwa na wanke tukunya na sake.

Na ƙarshen ya fito tsararo, har ana hango gindin kofi. Kaka ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Ya yi kauri. Kuma babu tsatsar durom ɗin da ake dama mana a ciki. Da kukunmu na soja ne ya dama wannan, da mun ce ya yi almubazzaranci."

Ya shanye tas, ya miƙo kofin.

"Ƙaro, amarya. Ki zubo wa gwaggonki ma, ta ɗanɗana abin da ya kawo ubanta Makka."

Gwaggo ta ja tsaki, ta miƙo mini makullin kicin.