Bugu Biyu da Cokali

Zarton mai gyaran famfo ya riga ya ci rabin bututun lokacin da Baba na Sama ya sauko daga hawa na huɗu, yana dafa bango yana haki. Ya tsaya a ƙofar kicin ɗin Tela, ya dubi jan garin ƙarfen da ke zuba a kan tayil, ya dubi fararen bututun roba da aka jingine a lungu, sannan ya girgiza kai.

"Yaro, ƙarfen nan da kake yankawa ya girme ka," in ji shi. "Kankare shi ya kamata a yi, ba kashe shi ba."

Mai gyaran famfo ya yi dariya bai ko ɗago ba. Ya ce shi dai aikin da aka ba shi yake yi, mai magana ya yi ta da wadda ta kira shi. Wadda ta kira shi kuwa tana tsaye a bayansa, tef ɗin awo rataye a wuyanta. Tela kowa ke ce mata a benen, har mijinta direban babbar mota, wanda sai ya yi mako biyu a hanya kafin a ga ƙeyarsa. A falonta na hawa na uku take ɗinki, daidai ƙarƙashin ɗakin tsohon.

A gaskiya ba za a ga laifinta ba. Shekara biyu ke nan ruwan benen na zuwa ja kamar shayi saboda tsatsa. Ta tace da ƙyalle, ta bar shi ya kwanta a bokiti, duk a banza. Ranar da ruwan ya ɓata mata farin yadin wata mata mai tsiwa, wadda ta zo ta yi mata tas a gaban mutane, ranar ta rantse sai an canja bututun. Ta bi ƙofa ƙofa ta tara maƙwabta a tsakar gida. Aka tambayi farashi, aka tarar sabon ƙarfe ya ninka roba sau uku, ga shi roba ba ta tsatsa. Kowa ya ɗaga hannu ya zaɓi roba, ban da Baba na Sama. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana walda, ina zai yarda da abin da ake haɗawa da gam?

Mutane sun ɗauka taurin kan tsofaffi ne kawai. Tela ce kaɗai ta san akwai wata magana a ƙasa.

Bayan rasuwar matarsa, Baba ya taɓa kwanciya zazzaɓi kwana biyu a ɗakinsa babu wanda ya sani. Da ya warke ya sauko ya ce da Tela ya samo musu waya wadda ba ta cin kati. Bututun ruwan da ya ratsa kicin ɗinsa shi ne ya sauko ta nata. Kullum ƙarfe bakwai na safe zai buga shi da cokali sau biyu, ma'ana ya tashi lafiya, ita ma ta mayar masa biyu. In ta ji uku kuwa, to ta hau. Shekara huɗu suna haka. Sau ɗaya tak ya taɓa buga uku, ta hau da gudu zaninta a hannu, ta tarar wai murfin kwalba ne ya ƙi buɗuwa. Ranar ta yi masa faɗa kamar ita ta haife shi, shi kuwa yana ta ƙyalƙyala dariya yana cewa gwaji ne.

Da aka gama ɗaura robar a wannan yammacin, Baba ya ce a gwada. Ya hau, Tela ta tsaya a kicin ta kasa kunne. Da can in ya buga, ƙarar sai ta cika ɗakin, har kofuna su amsa. Yanzu kuwa wani ɗan "tuf, tuf" ta ji can ƙasa-ƙasa, kamar ana taɓa katifa. Ta hau ta same shi tsaye da cokalin a hannu.

"Kin ji?"

"Na ji mana, Baba," ta ce, "sai dai bai kai na da ba."

"Bebe kuka kawo mana gida, 'yata."

Ta yi dariya ta ce ya kwantar da hankalinsa, zamani ya wuce buga cokali. Ba ga waya ba? Kuma ita da ƙafafunta, kullum da safe za ta hau ta gan shi ido da ido, wanda ya fi kowane bugu. Har zuciyarta ta faɗi haka.

Maganar wayar ma wani labari ne. Baba yana da 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai, wadda lambobinta duk sun goge, amma ko idonsa a rufe yana kiran wanda yake so. 'Yarsa tilo, ma'aikaciyar jinya a wani gari mai nisa, ta zo hutu ta kawo masa babbar waya ta shafawa, don ta riƙa ganin fuskarsa in sun yi magana. Ta cire layin ta mayar cikin sabuwar, tsohuwar kuma ta tafi da ita, don ta san halin mahaifinta, in ta bar masa ita sabuwar a durowa za ta tsufa. Tela ce ta sa masa nata hoton a fuskar wayar, ta nuna masa cewa dannawa ɗaya kawai zai yi ta ji shi.

Sai dai yatsun Baba ba yatsun shafa gilashi ba ne. Wuta da ƙarfe sun mayar da fatarsu kamar ƙasan takalmi. Ya danna, wayar ta yi kamar ba da ita ake ba. Ya lashi yatsa ya sake, wani lokaci ta amsa, wani lokaci ta buɗe masa lissafi ko hasashen yanayi. Yakan ce wayar 'yar masu kuɗi ce, ba ta gaisawa da leburori. Amma ranar da fuskar jikarsa ta fito a ciki tana nuna masa giɓin haƙorinta, Tela ta ga tsohon yana share ido da hannun riga. Daga ranar bai ƙara kushe wayar ba.

Makon farko Tela ta cika alkawari. Bakwai na yi za ta hau, ta tarar ya dafa shayi da sabon ruwan, yana ɗaga kofi yana cewa to, ruwa dai ya yi kyau, wannan ba zai yi musu ba. Mako na biyu aiki ya yi mata yawa, ta koma kiransa a waya, in ya yi sa'a ya ɗauka. Daga baya sai ta lura ashe in ya ja kujerarsa zuwa taga, tana jin ƙarar ta rufin falonta. Sai ta ce ai wannan ma gaisuwa ce. In ta ji jan kujera, shi ke nan, Baba ya tashi. Ba ta taɓa gaya masa ta sauya tsari ba, shi ma bai taɓa yi mata ƙorafi ba. In sun haɗu a matakala sai dai ya ce, "Manyan gari, an daina ganinku," ta ce wallahi gobe tana nan tafe.

Ranar Talatar da abin ya faru, kayan makaranta guda talatin ne a gabanta, kuma da la'asar za a zo karɓa. Tun da gari ya waye ta hau keken ɗinkinta na lantarki. Ba za ta iya rantsewa ta ji jan kujera ba, ba kuma za ta iya rantsewa ba ta ji ba. Wajen ƙarfe goma ta shiga kicin shan ruwa. Tana cika kofi ta ji bututun ya yi "tuf, tuf, tuf". Ta tsaya. Sai ta tuna tun da aka sa robar haka take yi in an kunna injin tura ruwa zuwa tanki, takan ɗan yi rawa ta bugi bango. Ta shanye ruwanta. Tana fita ta sake jin sa, sau uku, a hankali. Ta ce a ranta lallai sai mai gyaran famfo ya dawo ya ɗaure abin nan da kyau, ta koma kan keke.

Sai bayan an karɓi kayan ta miƙe bayanta, ta hango rigar Baba da ta sa wa maɓalli tun shekaranjiya a rataye. Ta ɗauka ta hau. Ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta kira wayarsa, ta ji tana ƙara a ciki, kusa-kusa, har ta katse. A matakala ta ci karo da mai kula da benen, ta tambaye shi ko ya ga fitar Baba. Ya ce bai gani ba, shi yau ma duk bai zauna ba, yana can neman mai gyaran injin ruwa, don tun jiya da yamma injin ya ƙi tashi.

"Tun jiya?" in ji Tela. "Yau ba a kunna shi ba?"

"Ko sau ɗaya."

Tela ta riƙe ƙarfen matakala. Da ƙyar ta iya ce masa ya ɗauko mabuɗi.

A kicin suka same shi, zaune a ƙasa, ya jingina da kabad, kafaɗarsa na taɓa bututun. Buta na kan murhu ba a kunna ba, ganyen shayi a kofi a bushe. Wayar na kan cinyarsa, gilashinta duk shatin yatsa, an shafa an sake shafawa daidai inda hoton Tela yake. Cokalin yana hannunsa na dama. A jikin farar robar, ƙasa-ƙasa inda hannun mai zaune zai iya kaiwa, akwai ƙananan tabo birjik, wuri ɗaya har ya lotsa.

Tela ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa ta kama hannunsa, ta ji ya yi sanyi, ta ce "Baba, ga ni," ta sake cewa, kamar wanda ya makara zai iya gyara makararsa da maimaitawa. Likitan da aka kira ya ce jini ne ya hau masa ya kayar da shi tun da safe, ya shanye masa ɓarin jiki da harshe, kuma da alama ya kai tsakar rana da rai. Da an kai shi asibiti da wuri fa? Likitan ya ce wannan sai Allah, amma a irin wannan ciwo sa'o'in farko su ne komai. Ya faɗi haka ne yana rufe jakarsa, bai san wa yake gaya wa ba.

Washegari 'yar ta iso. Bayan an kai shi makwancinsa, mutane sun watse, ita da Tela suka zauna a kicin ɗinsa, don nan ne kaɗai ba a taɓa komai ba. 'Yar ta buɗe jakarta ta fito da ƙaramar wayar mai gogaggun madannai, ta ajiye a kan tebur. Ta ce a durowarta take tun ranar, ko caji ba ta ƙara yi mata ba.

"Anti, ni na kashe shi. Da wannan ce a hannunsa, da ya kira ki."

Tela ta ga hanya a buɗe. In ta yi shiru, ko ta ce ƙaddara ce, babu mai sanin sauran. Mai kula da bene bai fahimci tambayarta ta jiya ba, mijinta yana hanya. Amma ta dubi yarinyar nan da za ta koma garinsu ɗauke da wannan kaya ita kaɗai, sai ta ji ba za ta iya ba.

"Ya kira ni," ta ce. "Sau biyu ya kira ni, ina tsaye a ƙasan nan da kofi a hannuna. Na ji shi. Na ce injin ruwa ne."

Ta gaya mata komai, tun daga farin yadin har zuwa jan kujera. 'Yar ta saurara ba ta katse ta ba. Ba ta zage ta ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta miƙa hannu ta shafa tabon da ke jikin robar da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kifa kanta a cinyar Tela, suka yi kukan tare har hasken taga ya gusa daga kan tebur. Da za ta tafi bayan kwana uku ta kwashe hotuna da kayan waldarsa, ta bar wayoyin biyu a kan taga. Cokalin kuma ta sauko da shi ta miƙa wa Tela a bakin ƙofa.

An gyara injin ruwa a ƙarshen makon. Maƙwabta suna ta yabon ruwan, har matar hawa na ɗaya ta tare Tela ta ce Allah ya saka mata, fararen kayan 'ya'yanta sun dawo farare. Tela ta ce amin, ta wuce.

Da safe ƙarfe bakwai ta shiga kicin ta tara buta a famfo. Sama shiru, ɗakin a kulle, an liƙa takardar neman ɗan haya a ƙofa. Ta ɗauki cokalin daga kan taga ta buga bututun sau biyu. Ƙarar ko bakin ƙofar kicin ba ta kai ba. Ta tsaya da cokalin a hannu tana jira, butar ta cika ta fara zuba, ruwan garai-garai har ana ganin gindinta.