Akwatin da Bai San Mma Lariya Ba

Kamaluddin, jikan Mma Lariya, gyaran waya yake yi a Ashanti New Town, kuma irin mutanen nan ne da ba sa ganin abu lafiya lau su ƙyale shi. Ya sayo wani ɗan akwati, bai kai sabulu ba, ya manna a fuskar mitar gidansu da ke Moshi Zango. Aikin akwatin ya dinga ƙirga ƙiftawar jar fitilar mita, ya faɗi wutar da ake sha. To amma sai ya fara aika labarin can ƙasar masu shi kafin ya dawo cikin waya. Kamaluddin ya ce bai yarda ba. Ya kwance shi, ya jona da kwamfuta, ya yi masa filashin, wato ya wanke masa kai ya zuba masa nasa karatun.

Karatun shi ne, in wayoyin mutanen gida duk sun fita, gida ba kowa ke nan. In kuma mita na gudu alhali ba kowa, a yanke wuta.

Mma Lariya ba ta da irin wayar da ake shafawa. Tata mai maɓalli ce, ɗaure da roba. Akwati bai san da ita ba.

Ranar Talata Kamaluddin ya tafi shago, matarsa Habsa ta tafi kasuwa. Tsohuwa na kishingiɗe tana jin tafsiri, sai fanka ta tsaya, rediyo ya yi shiru, firiza ma ta daina gurnani. Ta leƙa maƙwabta, da wutarsu. Habsa na sa ƙafa a ƙofa da la'asar, komai ya tashi.

Laraba ma haka. Ga shi a firizar nan akwai madarar burkina, wato nonon da ake damawa da gero a sha, roba biyu manya, ta sunan jikar ƙawarta Ajara ranar Juma'a. Shekara talatin ba a taɓa yamutsa fuska a kan burkinar Lariya ba. Ta ɗanɗana, ta ji madara ta fara tunanin tsami.

"Maigida," ta ce da jikan nata da yamma, "wutar nan matarka take bi."

"Haba Mma, na'ura ce. Ba ta kuskure."

"To."

Sai dai ta tuna ranar Litinin da Habsa ta manta wayarta a kan tabarma, fanka ta yini tana juyi.

Alhamis da safe Kamaluddin ya fito wanka, waya ta ce ɗauke ni inda ka ajiye. Ya birkita ɗaki, ya leƙa har cikin tukunyar waken Habsa. Mma Lariya na zaune a kujerarta ta roba tana jan carbi.

"Mma, ba ki ga wayata ba?"

"Ni da idona bai ganin zare? Je ka, masu gyara na jiranka."

Ya tafi haka nan. Habsa ma ta fita. Wuta ta yini, firiza ta yi ƙanƙara har baki.

Da ya dawo, ya karɓi wayar Habsa ya kira tasa. Sai ga ƙira'a na tashi daga ƙarƙashin tsohuwa. Ba ta ko motsa ba.

"Mma! A kanta kika yini?"

"Ai ita ce mai gidan. Na ce bari in riƙe ta, ko na sha iska albarkacinta."

Habsa ta toshe baki da mayafi. Kamaluddin ya tsaya, ya dubi mita, ya dubi 'yar wayar mai roba a cinyar kakarsa, ya dafe kai.

"Wallahi ban sa ki a ciki ba."

"Na lura. A ɗakin can na haifi ubanka, amma sai an gabatar da ni wurin sabulu."

Ya ɗauko kwamfuta ya zauna a dakali yana ƙwanƙwasa. Ya ce ya rubuta masa cewa Mma tana nan kullum, kada ya sake yanke firiza da fanka.

"Kullum? In na tafi suna gobe fa?"

"Zai ɗauka kina nan."

"Madalla. In na mutu ma kada ka gaya masa."

Sai da ya yi rantsuwa sau biyu, sannan ta ɗan karkata ta zaro masa wayar, da ɗuminta.