Dariya a Ƙarshen Faifai

Duk gidan an san ba a taɓa garmahon Baba. Ko ƙura ce ta hau, shi zai goge da gefen rigarsa. Faifai ɗaya ya fi ji da shi, wanda ya busa ƙaho a ciki tun yana ango. Kullum sai ya rantse a ƙarshen waƙar akwai dariyar marigayiya matarsa, wadda ta raka shi ɗakin ɗaukar murya. Ba wanda ya taɓa jin ta. 'Ya'yan sukan ce "to, Baba," su haɗa ido, abin kuwa yana ci masa rai.

Da kan allurar ya lalace, Auta, wadda ba ta tashi ta san uwarta ba, ta kai Baba shagon mai gyara. Mutumin ya ture tarkacen rediyo gefe, ya ajiye kawuna biyu a kan tebur.

"Wannan mai maganaɗisu ne, Baba. Yana da amo, yana jure wahala, in allurar ta karye a zare a sa wata. Wannan kuwa naɗin waya ne a cikinsa. Ko numfashin mawaƙi ba ya bari a baya. Amma in allurarsa ta karye, sai dai a jefar da shi ɗungurungum."

Yana magana yana satar kallon hannun Baba, wanda ke rawa a kan sanda. Baba ya gane sarai. In ya ɗauki na farko, shi da garmahonsa har abada, dariyar kuma ta ci gaba da zama tatsuniyar tsoho. In ya ɗauki na biyu, wannan hannun ba zai sake sauke allura ba.

"Ɗauki mai jure wahalar mana," in ji Auta. "Kai da ko gyaɗa kai ba ka yarda a yi kusa da abin nan."

"Ɗaura mai jin numfashin," Baba ya ce wa mai gyara.

A falo, bayan an haɗa komai, ya goge faifan, ya ɗora, sannan ya ja da baya, ya haɗe hannuwansa a baya kamar mai jiran liman.

"Auta, zo ki sauke. A hankali, ba tabarya ba ce."

Ta sauke. Ƙahon ya fito tas, har da jan numfashin mai busa, Baba ya ɗaga haɓa yana ƙasaita. Waƙar ta ƙare, faifan ya ci gaba da ɗan shuu. Can ƙasa-ƙasa wata mace ta ƙyalƙyale da dariya, ta ƙare da ɗan shaƙewa kamar mai shaƙuwa.

Auta ta toshe baki. Haka ita ma take dariya, yayyenta sun sha tsokanarta a kai.

Alfahari ya cika Baba har ya manta da sandarsa.

"Kira yayyenki," ya ce. "Ki ce su zo su ji inda kika gado ta."