Ƙirjin Auta, Zuciyar Yaya

Bayan rasuwar babansu ne Auta ta fara kukan ciwon ƙirji. 'Yar shekara tara ce. Da safe ana rataya mata jakar makaranta sai ta dafe hagu, ta ce kamar ana soka mata allura. Uwarsu tela ce, kuma duk sanda ta tuna a shago sai ƙafarta ta tsaya cak a kan keken ɗinki, domin kamar haka ne marigayi ya dafe ƙirji a tsakar gida, da buta a hannu, ya faɗi bai ko shura ba. Bai cika arba'in a duniya ba.

Ta rufe shago ta kai ta asibiti. Yayan Auta, ɗan sha biyar, ya raka su yana ƙunƙuni za a sa ya makara filin ƙwallo, yana tsokanar ƙanwar wai ciwonta ya san ranakun hutu.

Likita ta yi tambayoyi har uwar ta ƙosa: ko tana tari, ko numfashinta na sarƙewa, ko ta taɓa suma, ko gudu ne ke tayar da shi. Duk a'a. Ta saurari ƙirjin, ta danna inda haƙarƙari ya haɗu da ƙashin tsakiya, Auta ta zabura. Aka manna mata wayoyi, na'ura ta zana bugun zuciyarta. Lafiya lau. Likita ta ce yawancin ciwon ƙirjin yara ba daga zuciya yake ba. Wannan ɗan kumburi ne a mahaɗar ƙashi, ga kuma damuwar maraici.

Uwar har ta ɗauki jaka, sai likita ta tambayi yadda baban ya rasu. Ta faɗa mata. Likita ta ɗago ta dubi saurayin da ke jingine da ƙofa.

"Kai fa, in kana gudu, ka taɓa jin jiri?"

Ya yi dariya, ya ce kowa ma yana ji. Da ta matsa, ya sunkuyar da kai, ya ce wani lokaci ƙirjin kan ɗaure har ya ga duhu, sai ya durƙusa kamar mai gyara igiyar takalmi.

Hoton zuciyar yaron ya nuna namanta ya yi kauri fiye da kima, irin wanda ake gada. Aka rubuta magani, aka ce ƙwallo sai dai kallo har a ga hali.

Suka hau motar haya zuwa gida. Auta ta yi barci a cinyar uwar.

Da la'asar abokansa suka tsaya a ƙofar gida suna fito. Yana ɗaki, fuskarsa a bango. Uwar ta yafa mayafi ta leƙa.

"Ku tafi abinku, 'ya'yana. Ba zai fito ba."

Suka ce to gobe fa? Ta tura ƙofar a hankali ta rufe.