Kujerar Riƙon Ƙwarya

Ƙaramar hukumar ba ta yi tsawon rai ba, kuma ba ta takura wa kowa ba. A zamaninta ta gina kwalbati ɗaya, da rumfunan kasuwa, da rijiyar burtsatse mai ba da ruwa idan ta ga dama. Shugabanninta sun zo sun tafi, kowanne ya bar hotonsa a bango, tumbinsa ya ɗara na wanda ya gada. Na ƙarshensu wani tsohon malamin makaranta ne da aka naɗa shugaban riƙon ƙwarya, aka ce ya ɗan riƙe kafin a yi zaɓe. Zaɓen da ba a yi ba ke nan. Aka wayi gari an haɗe yankin da birnin da ke kusa, ma'aikata suka bi motar haya, aka bar shi da ofis mai yoyo da kujerar shugaba. Shi ya sa har yau ake ce masa Riƙo.

Da ruwa ya fara zubowa ta silin, sai ya ɗauko kujerar ya kawo gida. Baƙa ce, mai juyawa, fatar hannun dama ta ɗan tsage. Ya ajiye ta a falo tsakanin firji da taga, ya hana kowa zama, har da shi kansa. Kayan gwamnati ne, in ji shi.

Damuwarsa ɗaya ce a duniya: bai taɓa miƙa mulki ba, kuma ba ya so ya mutu da amana a falonsa. Ya sha zuwa birni. Wani jami'i ya yi masa bayani cikin ladabi cewa ba sa karɓar kayan hukumar da babu ita. Wani kuma ya ba shi shawarar ya koma gida ya zauna a kai.

Matarsa, wadda ke shanya ɗankwali a kan kujerar duk lokacin da ya fita, takan tambaye shi, "Ranka ya daɗe, hannun bai gaji ba? Masu ƙwaryar nan fa sun sayi roba."

Ana nan aka gyara rufin tsohuwar sakatariya, aka yi fenti, aka mai da ita ƙaramin asibiti. Riƙo ya je awon jini, aka tura shi tsohon ofishinsa. A daidai inda teburinsa yake a da, ya tarar da babbar nas zaune a kan kwalin magani. Ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta ce jinin ya ɗan hau, ko akwai abin da yake sa wa a rai? Maimakon ya amsa, sai ya tambaye ta wa ke shugabancin wurin.

"Ni ce, Baba, kafin a turo likita. Riƙon ƙwarya nake yi."

Ya dube ta kamar wanda ya haɗu da ɗan'uwa a tashar da bai san kowa ba.

Washegari ya sa babbar rigarsa, ya ɗora kujerar a baro, ya turo ta da kansa har bakin ofis. Ya tsaya ya yi jawabin da ya daɗe yana bita a banɗaki. Ya fara daga kwalbati, ya bi ta kasuwa, ya yi wa rijiyar adalcin da ba ta cancanta ba. Nas ɗin ta saurara da haƙurin masu aikin asibiti, mata masu jiran awo suna leƙowa ta ƙofa.

"Na miƙa," in ji shi.

"Na karɓa, Baba. Allah ya saka da alheri."

Ko zama ba ta yi ba. Ta gungura kujerar zuwa baranda, ta zaunar da wata mai tsohon ciki da ta rasa wuri a benci. Riƙo ya buɗe baki zai yi maganar ƙa'ida, sai ya tuna cewa yanzu wannan matsalar sabuwar gwamnati ce.

Ya koma gida da baro fayau. Kafin ya iso, matarsa ta cike gurbin da kwandon wanki. Ta ce to, yanzu me za a riƙa kiransa? Ya ce su ci gaba da Riƙon, ya saba. Ya miƙe a doguwar kujera, ya yi barcin rana har da minshari.

Likitan dai har yanzu ana jiransa.